FILIN MANOMA: Mai Jirgin Ruwa Wuri Ya Ke Sayarwa

 

Maganarmu ta wannan mako ta fita daga gona ta nufi bakin teku. Na san wani zai ce ina ruwan mutumin Birnin Gwari da jirgin ruwa, alhali daga nan zuwa Ikko tafiyar kwana ce da yini a tirela. To, a yi haƙuri a bi ni a hankali. Kafin mu kai ƙarshe za ku ga mai jirgin nan da ba ku taɓa gani ba yana da hannu a cikin kuɗin da a ke ƙirga muku a kasuwa, yana kuma da hannu a cikin kuɗin da ku ke biya in za ku sayi kayan aikin gona.

Abin da ya jawo maganar shi ne wani abokina ɗan kasuwa, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Ya aika ƙasar Sin a sayo masa famfon feshi guda 200, irin wanda a ke goyawa a baya. Ya zauna ya yi lissafinsa. Kowane famfo da kwalinsa kilo 3 ne, duka kilo 600 ke nan, ko ton ɗaya bai kai ba. Sai ya ware kuɗin dakon ton ɗaya, yana ganin har ya yi sauƙin hannu. Da takardar ejan ta zo sai ya ga an caje shi kuɗin wuri takwas. Ya zo wurina ransa a ɓace yana cewa an zalunce shi. Na ce masa ya kawo kwali ɗaya daga cikin tsofaffin da ke shagonsa, mu auna. Tsawonsa santimita 50, faɗinsa 40, kaurinsa 20. Da muka gama lissafi sai ya yi shiru. Ba wanda ya zalunce shi. Shi ya auna kayansa da sikeli, su kuwa sun auna da tef.

Jaki da Mangala

Kowane manomi ya san wannan hukunci, ko da bai taɓa ganin teku ba. Ka ɗora wa jaki buhun masara ɗaya, ya ishe shi, alhali ga sauran wuri a bayansa. Ka ɗora masa harawa, sai ka tula ta har ka daina ganin kunnuwansa, shi kuwa yana tafiya yana kaɗa wutsiya, bai ji komai ba. Da masara ƙarfinsa ne ya ƙare. Da harawa wuri ne ya ƙare.

Haka direban babbar mota a tashar Birnin Gwari. In ka kawo masa buhun busasshen barkono ba zai ɗauka a kuɗin nauyinsa ba, don ya san buhun nan zai tare wurin da buhun masara zai zauna. Sai ya ce buhu buhu ne.

To, jirgin ruwa ma abu biyu gare shi, kowanne da iyakarsa. Na farko cikinsa, watau wurin zuba kaya. Na biyu nauyin da zai iya ɗauka kafin ya nutsa fiye da kima. A jikin kowane jirgin kaya akwai wani zane da ruwa ba zai wuce ba in an yi lodi. Wani ɗan majalisar Ingila mai suna Samuel Plimsoll shi ya yi ta fama har aka yi dokar wannan zane a 1876, domin kafin nan masu jirage su kan danƙara kaya, jirgi ya nutse da ma'aikatansa. Babban burin mai jirgi shi ne ciki ya cika a daidai lokacin da ruwa ya kai zanen nan. In ya cika jirgi da auduga zalla, wuri ya ƙare nauyi bai kai ba. In ya cika da ƙarfe zalla, nauyi ya kai wuri yana nan fayau. Ta kowace fuska ya yi hasara, kuma ba zai yarda hasarar ta zauna a kansa ba. A kan mai kaya za ta koma.

Akwatin Mita

Saboda haka masu jirage suka yi ƙa'ida tun da daɗewa. A zamanin Turawa, sa'ad da jiragen kamfanin Elder Dempster ke kwasar gyaɗa da auduga daga Apapa zuwa Ingila, ton iri biyu ne. Akwai ton na nauyi, laba 2,240. Akwai ton na awo, watau wurin da akwati 40 za su cika, kowane akwati ƙafa ɗaya tsawo, ƙafa ɗaya faɗi, ƙafa ɗaya zurfi. A kan auna kaya ta hanya biyun, a ɗauki wadda ta fi kawo wa mai jirgi kuɗi.

Yau ma ƙa'idar ba ta sāke ba, ma'auni ne ya sāke. Ton na nauyi kilo 1,000 ne. Na awo kuwa ku ƙaddara wani akwati mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi. Shi ne 'yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou ke kira sibiyem. A nan bari mu kira shi akwatin mita.

Ga wata dabara ta tunawa. In ka cika akwatin mita da ruwa, nauyin ruwan ton ɗaya ne daidai. Saboda haka duk kayan da ya fi ruwa nauyi, kamar siminti da ƙarfe, da sikeli a ke cajinsa. Duk wanda bai kai ruwa nauyi ba, da tef a ke cajinsa. Kayan gonarmu kuwa kusan dukansu ba su kai ba. Ton ɗaya na masara ya kan ci wajen akwatin mita ɗaya da rabi, ya ɗan gaza. Waken suya haka. Riɗi ya ɗan fi su cin wuri. Busasshen zoɓo kuwa ton ɗaya ya kan ci wajen akwatin mita 6.

Akawu, ga yadda za ka yi lissafin. Auna tsawo da faɗi da kauri na ƙunshi ɗaya da mita, ka ninka su da juna, sa'an nan ka ninka da yawan ƙunshin. Mu koma kan kwalin abokina. Rabin mita sau 0.4 sau 0.2, ya ba da 0.04. Sau 200, ya ba da 8. Ga wuri takwas ɗin nan da ya gani a takarda. Nauyin kayansa kilo 600, awonsu akwatin mita 8. Aka ɗauki takwas, aka bar sikeli.

Ka lura da abu biyu. Na farko, ba su bin lanƙwasar kaya. In buhu ya yi tumbi a tsakiya, a tumbin a ke aunawa, a ɗauke shi kamar akwati mai kusurwa huɗu. In wani ƙarfe ya leƙo daga jikin inji, har ƙarshen ƙarfen tef zai kai. Iskar da ke kewaye da kayanka kai za ka biya ta. Na biyu, galibi ba su cajin abin da ya gaza akwatin mita ɗaya. Ko kwali biyu ka aika, kuɗin akwati guda za ka biya.

Abin da Kakanninmu Suka Gane

Wannan ba sabon karatu ba ne a ƙasar Hausa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, aka buɗe hanyar ga ciniki a 1912, gyaɗa ta fara kwarara zuwa Ikko, tafiyar mil wajen 700. Da wane hali a ke kai ta? A ɓare. Mata da yara su ke zama su ɓare ta a gida kafin a kai wa mai awo. Ɓawon gyaɗa ya kan kai wajen kashi uku cikin goma na nauyinta, wurin da ya ke ci kuwa ya fi haka nesa. Da an ce a loda ta da ɓawonta, da kuɗin reluwe da na jirgin ruwa sun cinye ribar tun ba a kai ko'ina ba. Dalar gyaɗar nan ta Kano da a ke labari, wadda su Alhaji Alhassan Ɗantata suka yi suna da ita, tsaba ce zalla a cikin buhunanta.

Auduga ma haka. Kamfanin Turawan Ingila mai kula da noman auduga, wanda aka kafa a 1902, bai kwashi auduga yadda manomi ya tsince ta ya kai bakin teku ba. Ya kafa injunan gurza a inda a ke nomanta, irin su Zariya da Gusau da maƙwabciyarmu Funtuwa. A nan a ke raba ta da angurya, wadda ita ce ta fi yawa a nauyi, sai wajen sulusi ya rage. Sa'an nan a sa wannan sulusin a inji a matse shi tam, a ɗaure da ƙarfe, ya zama dila mai laba 400. Abin da zai cika ɗaki sai ya koma abin da mutum huɗu za su mirgina. Ba don ado a ke yi ba. Don a rage wurin da za a biya ne.

Amma a wancan zamani manomi bai damu da sanin wannan ba, domin hukumar ciniki ce ke yanka kuɗi a farkon kaka, ita ke shirya jirgi, ita ke biya. An rushe hukumomin nan a 1986. Kamfanin jiragen ruwa na Nijeriya ma, wanda aka kafa a 1959, an rufe shi a 1995. Tun daga nan ɗan kasuwa shi da ejansa su ke fuskantar mai jirgi. Wanda bai san lissafi ba ya sha.

Zuwan Kwantena

A ran 26 ga Afrilu 1956 wani Ba'amurke mai motocin dako, Malcom McLean, ya ɗora manyan akwatunan ƙarfe 58 a kan wani jirgi mai suna Ideal X, daga Newark zuwa Houston. An lissafa a lokacin cewa loda ton ɗaya da hannun 'yan dako ya kan ci dala 5 da santi 83, da akwatunan nan kuwa santi 16 kacal. Daga nan kwantena ta game duniya, har ga ta yau muna ganinta a bayan tirela a kan hanyar Tegina.

Kwantena iri uku ya kamata ku sani. Akwai gajera mai ƙafa 20, cikinta wajen akwatin mita 33, tana ɗaukar har wajen ton 28 bisa ga abin da aka rubuta a ƙofarta. Akwai doguwa mai ƙafa 40, cikinta wajen akwatin mita 67, amma nauyin da ta ke ɗauka bai fi na gajera ba, ya ma ɗan gaza, don ita kanta ta fi nauyi. Akwai kuma doguwa mai tudu, wadda ta fi sauran bisa da ƙafa ɗaya, cikinta wajen akwatin mita 76. Kuma kada ku ɗauka za a cika su har baki. Kullum a kan yi hasarar wani abu a kusurwoyi da tsakanin buhuna.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Su na ganin doguwa ninkin gajera ce, saboda haka za ta ɗauki ninkin kaya. Wuri ne ya ninka, nauyi bai ninka ba. Gajera ta kan ɗauki riɗi wajen ton 19 ta cika. In ka zuba riɗi a doguwa, kafin ka wuce ton 26 an tsai da kai, ga sulusin cikinta fili, ka biya kuɗinsa ba ka sa komai ba. Zoɓo kuwa doguwa mai tudu ya ke so, ta cika maƙil da wajen ton 12, nauyi ko rabi bai kai ba. Ƙa'idar dai ita ce, kaya mai nauyi gajera, kaya mai cin wuri doguwa.

Wanda ya ɗauki kwantena guda, kuɗin kwantenar zai biya, ko ta cika ko ba ta cika ba. Ga misali, amma ku sani lambobin kuɗin nan na koyarwa ne, ba farashin yau ba ne. A ce gajera dala 1,900 ce zuwa wata ƙasa. Ka zuba riɗi ton 19, kowane ton ya ci dala 100. A ce doguwa dala 2,400 ce. Ka zuba zoɓo ton 12, kowane ton ya ci dala 200. Jirgi ɗaya, hanya ɗaya, rana ɗaya, amma ton na zoɓo ya biya ninkin ton na riɗi. In kuwa zoɓon ton 6 kaɗai ka samu ka rufe ƙofa, kowane ton ya ci dala 400.

Wanda kayansa ba su isa kwantena ba sai ya shiga haɗaka. Ejan ya tara kayan mutum goma ko ashirin a kwantena ɗaya, kowa ya biya gwargwadon akwatin mitarsa ko tonsa, wanda ya fi. Haɗaka tana da amfani ga mai ƙaramin jari, amma kowane akwatin mita a cikinta ya fi tsada, don akwai ladan mai tarawa a can da ladan mai rarrabawa a nan, ga jinkiri. Masu sana'ar su kan ce in kayanka sun kai wajen akwatin mita 15, ka tambayi kuɗin gajera guda tukuna, sau da yawa ita ta fi araha ko da ba ka cika ta ba.

Yawa Ya Kan Kawo Sauƙi

Yawan kaya yana aiki ta wata fuska kuma. Manyan jiragen yau su kan ɗauki gajerun kwantena wajen 24,000 a tafiya ɗaya, ma'aikatansu kuwa ba su fi na ƙaramin jirgi yawa da wani abin kirki ba. Da aka raba kuɗin mai da albashi a kan akwatuna masu yawa haka, sai rabon kowane akwati ya yi ƙanƙane. Amma babban jirgi sai ruwa mai zurfi. Dalilin gina sabuwar tashar Lekki ke nan, wadda aka buɗe a Janairu 2023, bayan ta Apapa da ta Tin Can wadda aka buɗe a 1977. Haka kuma kamfanin da ya yi alkawarin kwantena ɗari a shekara ba kuɗi ɗaya ya ke biya da mai kwantena ɗaya ba. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, mai sayen buhu ɗari ba ya saye a kuɗin mai sayen mudu.

In kaya suka yi wa jirage yawa kuwa, wuri ya kan yi tsada kamar hatsi a watan Agusta. Mun gani a 2021. Bayan cutar korona kaya suka taru a tashoshin duniya, ga wani ƙaton jirgi mai suna Ever Given ya gitta a mashigin Suwez a watan Maris ya toshe hanya kwana 6. A watan Satumba na shekarar matsakaicin kuɗin doguwar kwantena a manyan hanyoyin duniya ya haura dala 10,000, alhali a 2019 bai kai dala 1,500 ba. Kaya masu cin wuri marasa daraja su suka fi jin jiki, don kuɗin dakonsu ya kusa kamo kuɗin sayensu.

Akwai wani abu da ke wajenmu. Kayan da ke shigowa Nijeriya a kwantena sun fi waɗanda ke fita yawa, saboda haka akwatuna da dama su kan koma ba komai a ciki. Mai jirgi ya fi son ya sami ko kaɗan da ya ɗauki iska. Mai fitar da kaya da ya san haka yana da bakin yin ciniki.

Yadda Abin Ke Isowa Aljihun Manomi

Mai saye a Turai ko Indiya ko Turkiyya ya kan faɗi abin da zai biya in kaya sun iso masa. Ɗan kasuwar Ikko ya cire kuɗin jirgi, da na tasha, da na kwastan da takardu. Na Kano ko Kaduna ya cire kuɗin tirela, da buhu, da 'yan dako, da ribarsa. Ɗan kamasho ya cire nasa. Abin da ya rage shi ne a ke faɗa maka a kasuwar Birnin Gwari ko Dogon Dawa. Kai ne na ƙarshe a layi, kowane ƙari da aka yi a gaba a kanka ya ke sauka.

Yanzu ka duba aikin ƙasa da tsakuwa. In riɗi yana da datti kashi 5 cikin 100, a kwantena mai ton 19 akwai kilo 950 na ƙasa da ƙaiƙayi. Kusan ton guda ke nan da aka biya wa tirela da jirgi. Mai saye ba wawa ba ne. Zai sa a sheƙe, ya rage kuɗi, baɗi kuma ya rage wa dukan garinku tun bai buɗe buhu ba. Wanda ya zuba yashi a buhu yana ganin ya yi wayo, maƙwabtansa ya cuta tare da kansa.

Laima ma haka ta ke, ta ma fi muni. Ruwan da ke cikin tsaba nauyi ne da a ke biya, sa'an nan kwantena akwatin ƙarfe ce rufaffe da za ta yi makonni a teku, rana zafi dare sanyi. Gumi ya taru a rufinta ya ɗiga a kan buhuna, funfuna ta kama, a can a ƙi karɓa. Mutanen Kaciya da Kwoi masu citta sun san wannan. Ba su aika ta ɗanya, sai sun tsaga sun shanya, ton 4 ko 5 na ɗanya ya koma ton ɗaya.

Dajinmu

Mu a nan Allah ya ba mu daji. Tun 1936 En'e ta keɓe gandun Kamuku, a 1999 ya zama gandun tarayya. Kewaye da shi ga doka, ga maje, ga ƙirya, ga ɗorawa, ga kaɗanya. Wannan lissafi na jirgi ya shafi dajin ta fuska biyu, ɗaya ta gargaɗi, ɗaya ta alheri.

Ta gargaɗi ita ce labarin madobiya. A shekarun da suka biyo bayan 2010 'yan kasuwar Sin suka buƙaci katakonta, aka bi dazuzzukan ƙasar nan, musamman na Taraba, a na sara. Don gungume ya zauna daidai a kwantena sai a fafe shi ya zama mai kusurwa huɗu, a zubar da saura a daji. Kwantena ta cika, daji ya ƙare. A 2017 aka sa madobiya cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta ƙayyade cinikinsu, a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. Kuɗin da aka samu ya daɗe da ƙarewa, itacen kuwa sai jikoki in an yi sa'a.

Ta alheri ita ce kaɗanya, wadda ba sai an sare ta ba. Ƙwallonta kusan rabinsa mai ne. In an fitar da ƙwallo ɗanye, an biya dakon mai da tunkuza tare. In an tatse a nan, man kaɗe kaɗai zai hau jirgi, wurin ya ragu, daraja ta ƙaru, ladan aikin kuma ya zauna a hannun matanmu. A watan Agusta 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon na wata shida don a riƙa sarrafawa a gida. Duk mai niyyar wannan ciniki ya fara tambayar kwastan abin da doka ta ce a ranar da zai yi lodi.

Abin da Ya Kamata Mu Yi

Shekaru da yawa 'yan bindiga sun hana mu gonakinmu na nesa, sun mai da hanyar Kaduna abin tsoro. A ƙarshen 2024 aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan ta daɗe a rufe. Wanda Allah ya mayar da shi gonarsa, bai kamata ya bar guminsa ya tafi a banza saboda rashin sani ba. Ga shawarata.

Na ɗaya, ku sheƙe, ku tankaɗe, ku shanya a kan tabarma ko tamfol, ba a kan ƙasa ba. Kada ku ɗinke buhu sai tsaba ta bushe ƙayau.

Na biyu, ku daidaita buhu. Buhuna masu girma ɗaya da nauyi ɗaya su kan jeru ba rata. Buhun da aka yi wa hula da toliya wuri ya ke ci a banza.

Na uku, kayan da ke matsuwa a matse su, amma a fara tambayar mai saye. Auduga tana son matsi. Zoɓo in an danne shi da yawa ya kan farfashe, darajarsa ta faɗi.

Na huɗu, ku haɗa kai. Ton 19 buhu 190 ne masu kilo 100. Manomi ɗaya ba zai cika ba. Amma manoma 38, kowa ya kawo buhu 5 iri ɗaya masu tsabta ɗaya, kwantena ta cika. Jam'iyyar gama kai mai kwantena guda a hannu tana magana da babban mai saye kai tsaye, ta tsallake hannu biyu ko uku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyar, ku sani tasha ta matso kusa. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a Janairu 2018, ta Dala a Kano a Janairu 2023, ta Funtuwa a 2024. Manufarsu a yi lodi da aikin kwastan a nan Arewa. Ɗan kasuwa ya je ya tambayi kuɗinsu, ya gwada da na kai kaya Ikko da kansa, ya zaɓi wanda ya fi masa.

Na shida, akawu, kada ka rubuta nauyi da ka. Tun daga 1 ga Yuli 2016 dokar teku ta wajabta a tabbatar da nauyin kowace kwantena kafin a ɗora ta a jirgi. Wadda ba ta da wannan shaida a kan bar ta a tasha, kuɗin kwana yana hawa kullum. Kuma in ejan ya faɗa maka kuɗi, ka tambaye shi abu uku: na ton ne ko na akwatin mita, daga ina zuwa ina, kuma me ya rage da za a biya in kaya sun sauka. Matambayi ba ya ɓata.

Shi kuwa abokina, da zai sake saye sai ya ce a cire wa famfunan hannuwa da bututu, a jera tankunan a manyan kwalaye, a zo a haɗa a nan. Wurin ya ragu, kuɗin ya ragu, yaransa biyu kuma suka sami aikin ɗaurawa. Yanzu tef ba ya rabuwa da aljihunsa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan yadda a ke gane tsaba ta bushe ba tare da na'ura ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a abin da muka noma.

Naku,
Malamin Gona, Birnin Gwari.